Kuɗin giya daga tukunyar gida yake fitowa

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kanti ne a nan Damagaram, shekara goma sha bakwai kenan ina zaune a kanti ɗaya cikin unguwar Zango, ina saida shinkafa da mai da magi da sukari da sabulu, sai hatsi da nake aunawa a tiya a bakin ƙofa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina ina cewa ba ruwana, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, shi yasa nace bari in rubuto maka ko Allah zai sa wani ya karanta ya amfana.

Duk mai kanti yana da littafin bashi, nima ina da nawa. A cikinsa akwai gidajen da babu ce ta kawo su, tsohuwa mai riƙon jikoki, matar da mijinta ya tafi Libiya ko Jado neman zinariya shekara biyu ba labari, malamin kwantaragi da albashinsa ya yi jinkiri. Waɗannan ba su nake magana ba, su in sun samu wallahi da gudu suke kawowa. Akwai wasu gidaje kuma, na ƙirga su daren jiya sun kai goma sha ɗaya, waɗanda maigidan yana da albashi ko sana'a mai kawo kuɗi kullum, wani direba ne wani makanike wani ma'aikacin gwamnati wani ɗan kabu-kabu mai babur ɗin kansa, lafiyarsa lau, yana fita da safe yana dawowa, amma duk safiyar Allah sai an aiko yarinya da ɗan kwano, wai inna tace a ba ta rabin tiya da magi na dala biyar a rubuta. Ni kuma na san inda kuɗin gidan ya kwana, don garin nan ƙarami ne ga wanda aka haifa a cikinsa, kowa ya san babur ɗin kowa, kuma in na rufe kanti wajen sha ɗaya na dare ina ganin baburan da ke jere a bayan wasu katangu.

Mu a Damagaram in kace ana shan giya sai a ce maka a'a, ai baƙi ne, ai mutanen Sabon Gari ne, ai waɗanda suka zo daga ƙasashen bakin teku ne. Malam Edita wannan magana mu daina ta don Allah. Baƙon nan shi yana shan tasa a fili kuma ba shi ne ke cikin littafina ba. Waɗanda ke cikin littafina 'ya'yan garin nan ne, iyayensu da kakanninsu a Birni da Zango da Garin Malam aka binne su, ranar Juma'a muna sahu ɗaya da su, wani ma shi ke fara zuwa ta'aziyya in an yi rasuwa a unguwa. Mutanen kirki ne da yawansu, abin ne ya kama su. Kuma da yake abin kunya ne, ba mai faɗa, matar ba za ta faɗa ba don rufin asirin mijinta, uwarsa ba za ta faɗa ba, abokansa su ne abokan zaman, to sai kuɗin ya riƙa zurarewa shekara da shekaru babu wanda ya taɓa zama ya yi lissafinsa.

Bari in yi lissafin, tunda aikina kenan. Ga masu karatu na Najeriya, jika a wurinmu sefa 1000 ce, dala kuma sefa 5. Mu ɗauka kwalba ɗaya jika guda ce, wani wuri ta ɗan gaza haka wani wuri ta fi. Mai sha ba ya tsayawa a ɗaya, a ce uku. Jika 3 kenan a dare. In kullum ne, a wata jika 90. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne, da can ma jika 30 da 'yan kai ne, kaga mutum ɗaya ya shanye albashin lebura biyu da ɗoriya. Wani zai ce ai ni ba kullum nake zuwa ba, sai daren Asabar da na Lahadi. To, dare takwas a wata, jika 24, kuma wannan kwalbar ce kawai ban sa naman da ake ci a kai ba, ban sa taba ba, ban sa man babur ba, ban sa zagayen da ake saya wa abokai ba don a wurin nan wanda bai saya wa kowa ba ana ganinsa marowaci, ranar da albashi ya shigo kuwa sai wanda ya gani. Buhun hatsi tiya 40 ne. A watannin damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa tiya kan kai jika ko kusa da haka. Wato kwalba ɗaya tiya ɗaya, kuma tiya ɗaya tana iya riƙe ƙaramin gida wuni guda da tuwo da kunu. Mutumin da ya sha uku ya shanye abincin gidansa na kwana uku kafin ya tashi daga kan benci.

Sannan ga ruwa. Duk wanda ya zauna garin nan ya san wahalar ruwanmu ba ta yau ba ce, in bazara ta yi famfo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, mata da yara suna bin 'yan ga-ruwa, kuɗin bido, wato jarkar ruwa, yana ninkawa. Na taɓa ganin mace da goyo tana roƙon mai kura ya ba ta bido biyu bashi, da rana tsaka cikin zafin watan Afrilu, kuma a daren jiyansa na ga mijinta inda na gan shi. Ban iya cin abincin rana ba ran nan.

Wannan na masu kwalba ne, masu ɗan hali. Abin da ya fi tsorata ni yanzu giyar leda ce da ƙananan robobin nan masu shiga aljihu. Ita ba ta buƙatar gidan giya, ba ta buƙatar benci, da dala ashirin ko talatin yaro ya saya ya tsotse a lungu ya yar da ledar ya tauna cingam ya shigo gida. Kuma ta fi ta kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, don ita mai zafin ce irin wadda ake tacewa. Saurayi ɗan kabu-kabu da ya wuni yana yawo cikin rana ya samu jika uku, ya cire kuɗin mai, ya cire na mai babur, abin da ya rage sai ya raba tsakanin leda da tramol, ya koma gida hannu rabbana, uwarsa da ta saida ɗan kunnenta ta haɗa masa kuɗin fara aikin tana zaune tana jira. Leda goma a wuni jika ɗaya ce ko fiye, a wata jika 30, shi kuma bai taɓa jin ya kashe kuɗi ba don da dala-dala suke fita. In ka bi wasu lungunan da safe kafin a share za ka ga ledojin da idonka. Ana yawan ɗora komai a kan 'yan pale, wato gungun samari 'yan daba, da yaran unguwar Kara-Kara, alhali ni na tsinci irin ledar nan a bayan gidajen da ake ganin girmansu.

Wasu ƙasashe sun gane haɗarin ledar nan sun hana ta, Kodebuwa ta hana a 2016, Tanzaniya a 2017, Najeriya ma hukumarsu ta NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sanar da hana ta a farkon 2024 tare da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Abin da nake tsoro shi ne kayan da aka kora daga can ina za su nufa, mu da ke da iyaka ta Magariya da Matamaye, mota tana shiga tana fita dare da rana. Dokar ƙasarmu ba ta hana saida giya ba, na sani, ba kamar Kano ba da suka kafa shari'a tun 2000. Amma saida wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu abin maye a farashin alewa, wannan ko wanda bai yarda da addini ba ya san ɓarna ce, kuma hukuma na da ikon tsayar da ita in ta so.

Malam Edita ban rubuto don in tona asirin kowa ba, don abin a gidanmu ya fara cin mutum. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya ba ni jarin da na buɗe kantin nan. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya Agadas da Yamai da Kano, yana samu sosai a lokacinsa, mutum mai kyauta wanda in ya dawo tafiya duk yaran layinmu sai sun ci tsarabarsa. A hanya ya koya. Shekara kusan goma matarsa tana rufe masa, in ya shigo yana tangaɗi tace gajiyar hanya ce, in ba a ɗora tukunya ba tace yau azumi take. Ta saida tasoshinta ɗaya bayan ɗaya, ta saida akuyoyinta biyu, kuɗin adashinta da take tarawa don auren babbar 'yarsu ya tafi a biyan kuɗin haya. Ni kuma ina ba su kaya a kanti ina rubutawa, na sani sarai amma ina jin nauyin in yi wa yayana magana, ƙane ya yi wa wa faɗa? Sau ɗaya na gwada, nace Yaya don Allah ka duba yaran nan, sai ya dube ni yace kai ma ka girma kenan, na sunkuyar da kai ban ƙara ba. Wannan shirun har yau yana ci na.

Da ciwon ya zo ƙafafu ne suka fara kumbura, sai ido ya yi ɗorawa, sai ciki ya taso kamar mai juna biyu. Dangi suka ce sammu ne, wasu suka ce jifa ce daga abokan aiki, aka yi ta rubutu da turare da jiƙe-jiƙe wata huɗu, kuɗi na fita. Sai da muka kai shi babban asibiti likita ya duba yace hanta ce ta lalace, ya tambaye mu a gefe ko yana sha, matar ta dube ni na dube ta. Likitan ya yi mana bayani cewa yana ɗauke da cutar hanta irin ta B wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, mutum na iya rayuwa da ita shekaru bai sani ba, to in aka zuba mata giya a kai lalacewar sai ta yi sauri. Duk takardar magani da aka rubuta sai mu zaga farmasi, aka saida filinsa ɗaya tilo da ya mallaka a bayan gari, ana zuƙe masa ruwan ciki yana dawowa. Bai kai shekara hamsin ba ya rasu, ya bar 'ya'ya shida. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ku ma masu karatu ku sa shi a addu'a. Babban ɗansa da ke da ƙoƙari a lakwal, wato makarantar boko, dole ya bari ya kama tura kura. Rannan ya zo kanti yace Baba, da gaske ne abin da yara ke faɗa a kan babanmu? Na rasa abin da zan ce masa sai na ce ya zauna in haɗa masa shayi.

Shi yasa in na ji an ce mai sha ai kansa yake cuta, raina ke ɓaci. Wane kansa? Na taɓa ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum miliyan 2.6 giya ta yi sanadin mutuwarsu a duniya, kusan miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Da na ji sai na tuna matar yayana, nace kowane ɗaya daga cikin mazan nan akwai wata a bayansa da ta saida tasoshinta, ita ba a ƙirga ta ba.

Wani abu da likitan nan ya faɗa mana wanda ya kamata kowa ya sani, don ina ganin ana kuskure a kansa. Wanda ya daɗe yana sha kullum da yawa, in aka yanke masa rana ɗaya jikinsa na iya birkicewa, hannu ya riƙa rawa, gumi, rashin barci, cikin kwana biyu ko uku wani har farfaɗiya da gane-gane, kuma ana iya mutuwa a haka. Mu kuma abin da muka saba in dangi sun gaji shi ne a kulle mutum a ɗaki ko a kai shi inda za a sa masa mari, in ya fara fizge-fizge a ce aljanu ne suka tashi. Irin wannan mutum asibiti ya kamata a fara kai shi a sauko da shi a hankali da magani, addu'a kuma ana yi, ba wanda ya hana. Haka masu haɗa leda da tramol, su biyun duka suna danne numfashi, yaro na iya kwanciya barci bai tashi ba a ce mutuwar fuju'a ce.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne watan azumi. Cikin gidajen nan goma sha ɗaya, fiye da rabi in Ramadan ya kama sai in ga canji a littafina, duk da cewa azumi lokacin kashe kuɗi ne, ga sukari ga ƙanƙara ga kayan buɗa baki, amma a watan ne maigidan da kansa zai zo da kuɗi a hannu ya yi cefane har ya rage tsohon bashi, ka ga yaran sun yi haske, matar ta zo tana dariya. Kwana talatin cur mutum ya riƙe kansa. Ashe ana iyawa. Sai bayan salla da kwana biyu uku abokai su kira a waya, shikenan an koma gidan jiya. Na tabbata da a ce akwai masu riƙe hannun mutanen nan a satin farko na Shawwal, wani malami ko wani dattijo ko aboki na gari da zai riƙa jan su fada, wato majalisar abokai, ana shan shayi ana hira har dare ya raba, da an ceto da yawa, don da yawansu zaman ne ke kai su wurin ba ƙishirwar kwalbar ba, mutum ya taso aiki da damuwa ba shi da inda zai zauna a saurare shi.

Akwai masu cewa a je a ƙone wuraren kawai a huta. Ni ban yarda ba. Mun ga abin da ya faru a watan Janairun 2015 a nan Damagaram da Yamai, aka yi ƙone-ƙone aka rasa rayuka, aka taɓa maƙwabtanmu Kiristoci da ba su ji ba ba su gani ba. Shin an daina sha? Littafina bai ragu da gida ko ɗaya ba a shekarar nan. Wuta ba ta shiga aljihun yaro ta ƙone leda.

Malamanmu Allah ya saka musu, suna wa'azi, kowa ya san giya haramun ce, aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida yaran makarantar allo ma sun ji su, kuma a can aka gaya mana shaiɗan na son ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu ta hanyar giya da caca, ga shi kuwa muna gani a gidajen aure. Roƙona gare su shi ne su ƙara da ɓangaren haƙƙin iyali, don akwai hadisin da ke cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda ciyar da su ke wuyansa. Mai sha ya riga ya saba jin cewa zai shiga wuta, har ya daina ji, amma in aka ce masa kwalbar hannunka tiyar hatsin 'yarka ce, wataƙila wannan ya shige shi. Kuma a tuna haramcin nan ma a hankali ya sauka, aka fara da aya ta 219 a Baƙara, sai ta 43 a Nisa'i, kafin hanin ƙarshe ya zo. In mutum ya zo wurin malam yace ina sha ina so in bari, a karɓe shi da hannu biyu a rufa masa asiri, kada gobe ya ji labarinsa a bakin masallaci.

Iyaye kuma, musamman iyayen mata, in 'yarku ta zo tace mijina yana sha ba ya ba mu abinci, don girman Allah kada amsar ta zama koma ki yi haƙuri kawai. Haƙuri da yunwa da duka? A kira shi, a kira magabatansa, in ta kama a je gaban mai unguwa ko fadar Sarki a yi magana ta gaskiya, a tsayar da cewa ranar albashi buhun hatsi da kuɗin lakwal da na haya su fara fita kafin komai. Na ga gida ɗaya da aka yi haka, ƙanin mahaifin mutumin ne ya tsaya tsayin daka, duk ƙarshen wata shi ke rako shi kantina a auna abincin wata a kai gida. Bai daina sha gaba ɗaya ba har yanzu, amma yaransa sun daina zuwa da kwano.

Mu 'yan kanti ma muna da namu laifin. Wasu a cikinmu suna ajiye ledar nan a ƙarƙashin tebur saboda ribarta ta fi ta sukari, su saida wa ɗan maƙwabcinsu, su kuma ba uwarsa bashin hatsi da safe. Ni dai na yi wa kaina alkawari tun rasuwar Yaya, bashi zan ci gaba da ba matan nan don yara ba su yi laifin komai ba, amma duk maigidan da na san halinsa sai na ja shi gefe na nuna masa shafinsa, na gaya masa wannan jimillar kwalba kaza ce. Biyu sun daina gaishe ni. Ɗaya ya yi kuka a cikin kantin, yanzu wata bakwai kenan yana biya da kansa.

Malam Edita ina roƙon jaridarku ta aiko wakili garin nan ya bi maganar, ya tambayi likitoci abin da suke gani, ya tambayi ma'aikatan duwan, wato kwastan, ta ina ledar nan ke shigowa, ya tambayi hukumar gari wa ke ba da izinin saida ta kusa da makarantu. In zai zo ya zo da safe tsakanin ƙarfe takwas da goma, lokacin ne ake aiko yaran da kwano, ya zauna a bencin bakin kanti ya gani da idonsa. Amma don Allah kada ya zo da kamara, kuma kada ya tambayi sunan kowa.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kanti, unguwar Zango, Damagaram